Digiri Arba'in da Ɗaya

Gara ta ci shafi na sha tara a littafin Surajo, ta bar masa layi ɗaya tak: "Kafin ka saka ma'aunin zafi a bakin majinyaci, sai ka…" Sauran yana cikin cikinta. Surajo bai damu ba. A ganinsa abin da ya ɓace bai wuce bisimilla ba.

Shekara huɗu yana shara a ɗakin shan magani, yana mafarkin farar riga. Sau biyu ya zauna jarrabawar ƙananan nas a Sakkwato, sau biyu ya dawo da jakarsa da kunyarsa. Ta bana ce ta ƙarshe, kuma ba zai shige ta ba sai Sista Asabe ta Gummi ta sa masa hannu a takarda. Ita kuwa ta ce ta gaji da hadda. Kowa ya san zafin mai lafiya digiri talatin da bakwai ne, bugun jini sittin zuwa ɗari, amma aku ma zai iya faɗa. Ta ara masa ma'auni, ta ce ya je gida Gwashi ya auna mutum goma ya kawo mata a rubuce.

Ya isa ranar Alhamis da hantsi. Ya nuna wa kowa ma'aunin, ya mayar da shi aljihun hagu, ya rataye rigar a zaure, ya fita gaishe-gaishe. Ya yi wa liman barka da haihuwa, ya yi wa Bappansa Labbo jajen naggensa, wato saniyarsa, da ta kwana uku ba ta kiwo, ya sha fura a gida huɗu. Da ya dawo ya ciro ma'aunin daga aljihun dama, ya fara aiki.

Inna ya fara tarewa, tana tsakiyar daka. Ya saka mata ma'aunin a baki, bayan minti uku ya cire, ya ɗaga a hasken rana. Arba'in da ɗaya.

"Inna, kwanta!"

"In kwanta wa ka ƙarasa min dakan?"

Kwantawar dai ta yi, don ɗa mai karatun asibiti ba a musu da shi. Surajo mutum ne mai tsabta, saboda haka ya goge ma'aunin da hannun rigarsa kafin ya saka wa ƙanwarsa Rabi. Arba'in da ɗaya. Malami tela, arba'in da ɗaya. Mai unguwa Tsoho ya tsotsa da kyau, ya ce lalle kayan asibiti ba wasa ba, tun daga ɗaci ka san na gaske ne. Shi ma arba'in da ɗaya.

Kafin la'asar mutum talatin da huɗu sun shigo da ƙafafunsu sun fita suna dafa bango. Bugun jininsu lafiya lau, numfashi daidai, babu mai gumi, babu mai rawar ɗari. Wannan ya ƙara tsorata Surajo, don ciwon da ke ɓoye kansa haka ba ƙaramin makiri ba ne. Ya jera su a inuwa, ya ɗora wa kowa jiƙaƙƙen tsumma a goshi.

Mutum ɗaya ya gagare shi. Bappa Labbo ya ja rawani ya rufe baki ya ce, "Ni lahiyata lau. Ko da bindiga ba ni buɗawa." Ya koma gindin bishiyar bedi yana kallon sama kamar mai neman wata da rana tsaka.

Surajo ya rubuta wa Sista wasiƙa ya ba direban motar kasuwa: annoba ta sauka Gwashi. A ransa yana baƙin ciki, amma can ƙasa-ƙasa yana jin daɗi, don wanda ya gano annoba ai ba a hana shi sa hannu.

Washegari Landiroba ta tsaya a ƙofar gida. Sista Asabe ta sauko ta tarar da majinyata kwance da tsumma a goshi, suna ta narkar tuwo da miyar kuka. Ta taɓa goshi biyar, duk sanyi ƙalau. Ta karɓi ma'aunin, ta kaɗa shi sau uku da ƙarfi, zaren zaibar da ke ciki ya sauka ƙasa. Sai ta cusa shi a bakin Surajo ta ce kada ya yi magana.

"Ba ya sauka da kanshi, sai an wanke shi an kaɗa," in ji ta. "Arba'in da ɗayan ga ta mutum guda ce, wanda anka fara aunawa. Sauran duk aro sunka yi. Wane ne?"

Surajo ya nuna Inna da yatsa. Sista ta taɓa wuyanta, ta girgiza kai. Inna ta tashi, ta yar da tsumman, ta yi wa ɗanta wani kallo.

Sista ta ciro takardar jarrabawa daga jaka. "In akwai mai wannan zazzaɓi a garin ga, ka gano shi, zan sa hannu. In babu, ka koma ga tsintsiyarka."

Mutum talatin da huɗu suka kalli juna. Surajo, da ma'auni a baki, ya ji hawaye na bin kumatunsa. Sista ta fara ninke takardar.

Bappa Labbo bai iya jure ganin ɗan ɗan'uwansa haka ba. Ya sauke rawani daga baki, ya matsa kusa da ƙofa tukuna, sannan ya yi gyaran murya.

"Sa mishi hannu, Sista, akwai ta, naggena, tana can turke. Ni na ari abin jiya da hantsi, na ɗaga wutsiyarta, na yi yadda malamin dabbobi ka yi."