Ruwan Alwala a Gindin Murtsunguwa

Tun da aka kafa dokar shuka ɗaya a kowane gida, murtsunguwa kaɗai ta rage mana, 'yar dunƙulalliya mai ƙaya, da 'ya'ya bakwai a gindinta. Matata Tasalla ce ta raine ta. Sai wata ya zagayo take ɗiga mata ruwa, ni kuwa ina tsokanarta da marowaciya.

Da Tasalla ta rasu, sai na tashi nuna karamci. Sau biyar a rana nake juye mata ruwan alwalata.

Yau na kai tukunyar wurin Kande, mai duba shukokin unguwa. Ta latsa uwar, yatsanta ya nutse.

"Kawu Ɗanjuma, ai kunu ka dama. Ka san in ta mutu, gidanka ya gama ganin kore."

"Lada nake nema, 'yata."

Ta ɓalle 'ya guda da ba ta ruɓe ba, ta ɗora a busasshen yashi.

"Mako uku, ko ɗigo kada ta gani. Za ka iya?"

Da la'asar na koma bayan ɗaki na yi alwala, inda ba zan hango ta ba. Shekara ashirin Tasalla tana wannan haƙurin, ni ina kiransa rowa.