Rigar Sanyin Rachidou

Biba ta sauka daga jirgin ƙasa a birnin Lyon, rungume da leda. A ciki akwai rigar sanyin ɗanta Rachidou, wadda ta saƙa masa da hannunta. Kwana arba'in ke nan da binne shi.

Shekara uku ya yi yana aiki a wani ɗakin bincike can cikin ƙarƙashin dutse, inda suke auna tururin da ƙasa da duwatsun da ake kawo musu ke fitarwa, wanda ido ba ya gani. Amma duk awon da ya sa wa hannu sai ya fito da datti. Aka ce sakaci ne, aka sallame shi. Ya dawo unguwarsu ta Goutte d'Or ya daina magana, ya daina ci, har zuciyarsa ta tsaya.

Ita Biba ta san ramin ne ya cinye shi. Ai ta ga yadda ramin haƙar ma'adinin yuraniyom na Arlit ya cinye ubansa. Shi ya sa ba ta taɓa yarda ya shiga babu rigar nan a jikinsa ba. Yanzu shaida take so.

Najla, abokiyar aikinsa 'yar Tahoua da Biba ta kai wa rigar, ta yi ta lallashinta. Ta ce wurin ya fi madafinta tsabta, don gudun tururin ma aka haƙa shi. 'Yar ƙurar da ba ta kai ƙwayar gero ba sai ta ɓata awon wata guda. Biba ta ce ita dai a auna rigar.

Bayan mako biyu aka kira ta. Najla ta shimfiɗa takardu biyu a tebur, ɗaya ta awon rigar, ɗaya ta dattin awon Rachidou, zanensu iri ɗaya.

"Inna, Rachidou bai yi sakaci ba. Abin da ke ɓata masa awo a rigar nan yake. Amma ba a wurinmu ta ɗauko shi ba, da shi ta zo."

Ta juya wuyan rigar, ta nuna wani ɗan ƙulli da ɗinkinsa ya saki, jar ƙura na zuba. Ta ɗauko almakashi.

Biba ta riƙe mata hannu. Ta san zaren. Ƙasar kabarin ubansa ce ta Arlit, mai fitar da tururin nan, da ta ɗinke masa a ɓoye don kada ya shiga ƙarƙashin dutse shi kaɗai.