Ruwan Lagireto

Ina 'yar shekara tara aka aiko daga Nasko cewa jikin kakata ya tsananta. Tsohuwar motar Baba kuwa ba ta nisa sai ta ɗau zafi. Bayan azahar ya buɗe lagireto a ƙofar gida, ruwa ya zubo jawur, yana warin tsatsa. Ni nake jawo ruwan rijiya, shi yana ɗurawa.

A bokiti na shida tafin hannuna ya fara zogi. Na ce, "Baba, ai ya isa haka."

Bai ɗago ba. "Ƙaro, 'yar Baba, sai ya fito fari. Ba zan kwana a hanya Inna tana jirana ba."

Sai a na tara ya fito garau. Muka isa kafin magariba, muka tarar da kakata da sauran numfashi, ta riƙe hannunsa ta kira sunansa. Har yau ina gode wa Allah da bai saurare ni ba.