Danshin Ɗakin Dong-ryul

Allurar tukunyar ɗumama gida ta sake haurawa cikin ja. Ok-bun ta tsaya a gabanta da ludayi a hannu, tana jin ruwa na ɗiga daga ɗan bututun ƙasa zuwa cikin kwanon da ta tara.

Ba ɗigar ce ta hana ta cin abinci ba. Danshin ɗakin ɗanta ne.

Tun farkon sanyi jirgin kamun kifin da ɗan nata Dong-ryul ke aiki a ciki ya bar tashar Mukho, bai dawo ba. Ba gawa, ba ko guntun katako. Ita dai kullum sai ta zuba masa shinkafa a kwanonsa ta rufe, don wanda ba a ga gawarsa ba ai matafiyi ne. Mijinta Man-seok ma da can a bakin tasha yake wuni. Amma tun ranar da 'yan sandan ruwa suka kira shi ya daina zuwa. Ya ce tambayoyin banza suka yi masa. A ranar ya rufe famfon da ke kai ruwan zafi ƙarƙashin daɓen ɗakin yaron, wai gas ya yi tsada, ya ce kada ta riƙa shiga, sanyi zai kama ta.

Uwa ce, ta shiga. A gindin kabad ɗin kayansa, wanda har yau ba ta da ƙarfin zuciyar buɗewa, daidai inda yake shimfiɗa katifarsa, daɓen ya jiƙe. Ta goge. Washegari danshin ya dawo.

Tsohuwar da ke maƙwabtaka da su ta leƙa, ta ja baya. "Maman Dong-ryul, wanda teku ta ci a jiƙe yake dawowa gida. Ki kira bokanya ta tsamo kurwarsa, ya samu ya huta."

Ok-bun ba ta kira bokanya ba, mai gyaran tukunya ta kira. In bututu ne ya fashe, to ɗanta yana nan a matafiyinsa. In kuwa ba bututu ba ne... nan take tsayar da tunanin.

Bang mai gyara ya zo da hantsi yana kakkaɓe ƙanƙara daga takalmi. Tare suka taso da Man-seok, Yaya yake ce masa. Ya dubi allura, ya ƙwanƙwasa ɗan tankin, ya laluba ƙarƙashin tukunyar, sai ya yi dariya.

"Matar Yaya, kin ɗura mata ruwa kamar mai shayar da siriki giya. Famfon ciko ne ba ki matse ba. Ruwa ya yi mata yawa, shi ne take amai."

Ya matse, ya rage ruwan, allura ta sauko.

"To ɗakin fa?" ta ce. "Ka duba min ɗakin."

Man-seok ya ce a bar shi, mutumin na da sauran gidajen da zai je. Ta riga ta buɗe ƙofar.

Bang ya shiga da sandar ƙarfen da yake kanga wa kunne ya saurari daɓe. Ta tsaya daga waje, hannunta na murɗa gefen riga. Ta ji yana jan gwiwa. Ta ji ƙarar katako kamar an buɗe wani abu. 

Da ya fito, mijinta ya kalla, ba ita ba.

"Bututu ne," ya ce. "Kun rufe ɗaki cikin sanyi, ruwan ya daskare ya tsaga shi. Sai bazara mu fasa daɓe."

Ta zauna a ƙasa tana dariya, hawaye na zuba. Ta miƙe da sauri ta zuba masa miyar kifi mai zafi. Bang, wanda bai taɓa wuce kwano a gidan nan ba, ya ce cikinsa na ciwo.

Man-seok ya raka shi bakin ƙofar gida. Daga ciki suna jiyo ta tana waƙa, tana ɗauraye kwanon ɗanta.

Bang ya ɗaure jakarsa a bayan babur, ya daɗe yana gyara igiya.

"Yaya, bututun ɗakin nan lafiyarsa ƙalau," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ka fitar da buhun 'yan sandan nan daga kabad kafin ta buɗe. Rigar ruwan har yanzu tsiyaya take, kuma sunan yaron na nan a wuyanta."