Dodannin Waya da Kwalin Ashana

An yi wani mutum mai sana'ar ƙera wasannin da yara ke yi a waya. Asalinsa ɗan ƙauye ne, kuma tun yana ƙarami ba abin da ke ɗauke masa hankali irin ƙwari. Da damina ta sauka sai ka gan shi a bayan gari da kwalin ashana a aljihu, yana ɗaga dutse yana leƙawa, ko wa ke kwance a nan? Da ya girma ya koma birni, sai ya tarar duk inda ciyawa za ta fito an shafe shi da siminti, 'ya'yan yayarsa ko gyare ba su taɓa riƙewa ba. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ce to, tunda daji ya ƙi zuwa birni, shi zai sa shi cikin waya. Ya ajiye aikinsa na ofis, ya zauna ya zana ƙananan dodanni. Wannan kansa na babe ne, jelarsa ta kunama. Wancan buzuzu ne, amma da ƙahon rago. Akwai wata mai fikafikan malam-buɗe-littafi, in an tsokane ta sai ta yi atishawar wuta. Yaro zai yi ta yawo cikin wasan yana kama su yana tarawa. Sai dai mutumin akwai tausayi, ba ya son yaro ya nemi abu ya rasa. Saboda haka ya zuba kowane dodo a kowace waya, kusa-kusa, inda hannu zai kai.

Ran da ya kai wa 'ya'yan yayarsa su gwada, kowa ya ja waya ya nemi lungu, ba mai ce wa wani kanzil. Kafin la'asar kowa ya kama duka, suka ajiye suka fita ƙwallo. Washegari ya tambayi babbarsu, ta ce, "Kawu, ai mun gama." Ya ƙara wa dodannin haƙora, ya ƙara musu launi, duk a banza. Aikin da ya bar abincinsa dominsa, ga shi bai kai wuni ɗaya a hannun yaro ba. Da ya je ƙauye gaida tsohuwarsa, ya tarar tana tsince wake, ya ce mata shi ya rasa abin da ya rage, alhali da ƙwarin nan ya yi ƙuruciya. Ta yi dariya har ta ajiye faifan. "Kai ɗin? Yaushe ka taɓa kwana da abin da ka kama? Kana cika kwali sai ka zura gidan 'yan fadama, ko takalmi babu!" Nan fa ya tuna. Su 'yan tudu jar fara ce a gonakinsu, koriyar nan mai sheƙi kuwa sai a fadama. A bakin rijiya ake haɗuwa a buɗe kwalaye, a yi musaya, a yi rantsuwa, a ɓata a shirya.

Ya dawo ya raba dodannin. Wasu a wannan waya kaɗai za su fito, wasu a waccan, kuma ba a musaya sai wayoyin biyu sun zo dab da juna. Matarsa ta ce a hankali, "To wanda bai samu ba fa, ba zai yi kuka ba?" Ya ce, "Zai yi, in ya share hawaye ya sa takalmi." Da ya saki wasan ya shiga gari, mako bai zagayo ba yayarsa ta kira shi tana mita. "Wai me ka sa wa yaran nan? Sun hana ni sakat, sai da na kawo su gidan Goggonsu a can ƙarshen gari, wai mai ƙahon rago a wayar 'ya'yanta yake." Rabonta da gidan tun sallar bara. Yana jiyo ihun yara a bayanta ana gardamar musaya, da muryar Goggo tana cewa ta ajiye wayar nan dambu zai huce. Shi ya sa masu iya magana suka ce, zumunta a ƙafa take.