Jif a Zauren Baba

Wani mai fataucin riɗi ne Allah ya buɗa masa a kaka guda, ya je ya sayo jif sabuwa dal, baƙa wuluk, irin mai ja da ƙafa huɗu wadda ba ruwanta da taɓo ko yashi. Ranar da ta shigo unguwa har ladan sai da ya leƙo. Aka yi ta Allah ya sa alheri, Allah ya tsare, yana ta amin. Sai da taro ya watse ya tuna ba shi da inda zai ajiye ta. Lungun nasu matsattse ne, ga masu kurar ruwa, ga awaki, ga 'yan acaɓa, ba wanda zai bar irin wannan mota a waje. Ya duba gabas ya duba yamma, sai idonsa ya faɗa kan zaure.

Zauren nan kuwa na mahaifinsa ne, wani dattijo tsohon baduku da gwiwa ta hana shi zuwa ko'ina sai masallaci. Nan ne duniyarsa. Kullum aka idar da magariba tsofaffin unguwa su biyar za su hallara, kowa da akushin gidansa, a yi ciyayya, a tsokani juna, a taɓa labarin mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Matar ɗan nasa, wadda shekararta biyu ke nan a gidan, ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba, ban da gaisuwa a durƙushe ba wata magana tsakaninsu. Amma ta san lafiyarsa sarai, a akushi take karanta ta. In ya dawo a suɗe, da ɓarin goro a kan faifai, to Baba ya ji daɗin miya, hira kuma ta yi armashi. Da ɗan ya zo masa da zancen rushe zaure, ya ce, "Baba, ɗaki zan gyara maka a ciki, da fanka da tayil, ka huta da ƙurar titi." Tsohon ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Gidanka ne." Sati biyu aka kammala gareji, aka kafa ƙofar ƙarfe.

Abin da mai mota bai lissafa ba, gidan matan aure ne, namiji baligi ba ya wuce zaure. Zaure kuwa babu. Abokan Baba suka zo rana ta farko da akusansu, suka yi sallama a bakin ƙarfe, suka tsaya cirko-cirko, suka juya. Shi kuma Baba yana can ciki, fanka na juyawa a kansa. Da abin ya ishe shi sai ya samo dabara: da zarar jif ta fita, ya jawo buzunsa ya shimfiɗa a gareji, gefen tabon baƙin mai, ya sa a bar ƙofa a buɗe. Sannu a hankali tsofaffin suka dawo, matar kuma ta ci gaba da ganin goronta. Ran nan suna tsakiyar cin tuwo, sai ga fitila ta haske su, sai hon. Mai gida ya dawo da wuri. Ya sauke gilashi ya ce, "Sannunku Baba, ku ɗan ba ni wuri in shigar da ita." Matar tana leƙe ta kafar ƙyaure ta ga dattawa biyar suna dafa bango suna miƙewa, hannu duk miya, wani na laluben sanda, wani na laluben takalmi. Tsohon wanzami a cikinsu ya kama hannun Baba ya ce, "Tashi, malam, mai ɗakin ta dawo." Ba wanda ya yi dariya. Daga ranar ba su sake zuwa ba, shi ma bai sake fitar da buzu ba.

Akushi ya fara dawowa da gurbin loma biyu. Matar ta canja miyar kuka ta koma kuɓewa, ta koma taushe, ta zuba man shanun da take ɓoyo, duk a banza. Ta yi ta maza ta ce wa mijinta, "Baba fa ba ya cin abinci." Ya ce tsufa ne, ya sa shi a gaban mota ya kai shi babban asibiti. Shigarsa jif ta farko ke nan, kuma ta ƙarshe. Aka auna jini, aka ɗauki hoto, ba a ga komai ba. Ita ta san ciwon, amma wa zai tambaye ta? Kafin a cire gero Baba ya rasu. Da za a fito da makara, dole aka fitar da motar, aka kai ta bakin masallaci ta yi kwana uku a rana. Gareji ya cika maƙil da masu ta'aziyya, tabarmi har waje, tsofaffin nan na sahun gaba. Ta yi ta tuƙa tuwo, kwanuka na dawowa a suɗe, tana wankewa tana share ido da gefen zane. Rana ta huɗu aka naɗe tabarmi, aka share wurin tas, jif ta shige abinta. Ko hon mai gida bai yi ba, don babu sauran wanda zai tashi.

Motar tana nan har gobe, ko ƙwarzane babu a jikinta. Hausawa dai sun gama magana: garin neman gira, aka rasa ido.