Ja Ne Ko Kore

Ke da kike cewa a rufa wa ɗanki asiri tukuna, in ya samu aikin a san yadda za a yi, gyara zama ki ji.

An yi wani saurayi mai kaifin ƙwaƙwalwa, ba shi da buri a duniya sai tuƙin jirgin sama, irin manyan nan masu kwasar fasinja. Aibinsa ɗaya, idonsa ba ya raba ja da kore. Tun yana ƙarami, in an aike shi lambu tsinko tumatir, da ɗanye da nunanne yake haɗowa. Uwarsa ta sani, ta yi gum. To, ba a shiga makarantar koyon tuƙi sai likita ya gwada idon mutum da wani littafi mai ɗige-ɗigen launi, an ɓoye lambobi a ciki. Wani da ya riga shi shiga ya karanta masa lambobin shafi bayan shafi, ya haddace tsaf, ya je ya zuba wa likita su kamar ruwa. Ya wuce. Karatu ya yi kyau, hannu ya faɗa, malamai na yabo, har aka fara sakinsa ya tashi shi kaɗai, yana tara awannin da ake nema kafin a ba mutum lasisin ɗaukar fasinja.

Ran nan yana dawowa daga doguwar tafiya, shi ɗaya a ƙaramin jirgin makaranta, sai rediyon da yake magana da masu hasumiyar filin jirgi ya ɗauke ɗif. Ya murɗa, ya bubbuga, ya yi kira har maƙogwaro ya bushe, shiru. Ƙa'ida ce kuwa, kowane ɗalibi ya san ta: in rediyo ya mutu ka kewaya filin, za a hasko ka da fitila daga hasumiya. Kore, sauko. Ja, dakata, akwai wani a hanya. Ya kewayo. Ga fitilar nan an saita ta a kansa, tar. Haske dai yana gani, amma wane iri ne, oho. Ya runtse ido ɗaya ya buɗe, ya goge gilashi da hannun riga, duk ɗaya. Ya sake kewayowa, allurar mai sai sunkuyawa take yi. Wa zai tambaya a can sama? Wanda ya karanta masa lambobi yana ƙasa yana shan shayinsa. Zuciya ta ce masa, ai sun ga ka daɗe kana shawagi, me zai sa su hana ka? Ya yi bismilla, ya dunƙufar da hancin jirgi, ya nufi titin sauka.

Tayoyi na dab da taɓa kwalta sai rana ta ɓace masa. Inuwa ta rufe shi, ƙara ta cika masa kai, ɗan jirgin ya yi tangal-tangal kamar kwalekwale a igiyar ruwa. Babban jirgi ne maƙil da mutane. Shi aka ba hanya, yaron ya faɗo gabansa. Da ƙyar matuƙinsa ya fizge shi sama, ya wuce ta kan yaron, kusa-kusa har yaron na iya ƙirga ƙusoshin cikin babban jirgin. Allah ne ya gyara, ba a kwashi gawa ba.

Malaminsa bai ɗaga murya ba. Ya jira saurayin ya sauka ya fito, ya kama kafaɗarsa ya juya shi wajen hasumiya, ya ɗaga hannu aka sake kunna fitilar. Ya ce, "Wane launi ne wannan?" Ma'aikata sun taru, 'yan ajinsu sun taru, kowa na ganin amsar ƙuru-ƙuru. Saurayi ya dubi fitila, ya daɗe yana dubanta, sannan ya dubi ƙasa. A ranar ya tuɓe rigar makaranta, bai ƙara zama kujerar matuƙi ba.

Hausawa ba su yi ƙarya ba: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.